Ƙarfe a Madadin Maƙogwaro: Nazarin Jitar Ƙarfe da Jitar Zamiya a Maimaicin Waƙoƙin Pop da Rock Zallar Kiɗa

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda makaɗan jitar ƙarfe da na jitar zamiya suke ɗaukar sanannun waƙoƙin pop da rock su sake kaɗa su ba tare da mai rerawa ba. An saurari zaɓaɓɓun faya-fayai da suka fito tsakanin 1959 da 2014, aka kwatanta kowane maimaici da waƙar da aka ɗauko shi daga gare ta, ta fuskar kari da saurin tafiya da rabon aiki tsakanin kayan kiɗa. Binciken ya nuna cewa waɗannan jitoci suna iya tsayawa a gurbin murya saboda sautinsu ba ya tsalle daga mataki zuwa mataki, zamewa yake yi. Ya kuma nuna cewa ba kowace waƙa ce take jure rabuwa da kalmominta ba, kuma ingancin maimaici ya dogara ne ga abin da makaɗin ya yi da wannan rashi.

1.0 Gabatarwa

Masu sharhin kiɗa a Amurka da Turai sun daɗe suna yi wa maimaicin waƙa zallar kiɗa kallon hadarin kaji. A wurin da yawansu, kiɗa ne na ɗakin jira da kantuna, wanda ake sakawa don kada wuri ya yi tsit. Akwai faya-fayai masu yawa da suka cancanci wannan hukunci. Sai dai hukuncin ya yi jam'u, ya rufe ido ga wata tambaya mai nauyi: idan aka cire kalmomi da maƙogwaron mawaƙi daga waƙa, me ya rage, kuma wane kayan kiɗa ne zai iya riƙe abin da ya rage ɗin?

A wannan nazari, jitar ƙarfe ita ce wadda ake kwantarwa a cinya ko a kan ƙafafu, makaɗi ya riƙe sulɓaɓɓen guntun ƙarfe yana jan sa a kan tsirkiyoyi. Idan tana da feda da madannan gwiwa masu sauya ɗaurin tsirkiya, an kira ta jitar feda. Jitar zamiya kuwa jita ce ta yau da kullum, makaɗi ya zura yatsa cikin wuyan kwalba ko bututun ƙarfe yana zamewa da shi.

2.0 Tushen Kayan Kiɗan

Jitar ƙarfe 'yar tsibiran Hawayi ce. Ana danganta ƙirƙiro salon da Joseph Kekuku a ƙarshen ƙarni na 19, kuma baje kolin da aka yi a San Francisco a 1915 ya taimaka wajen yaɗa kiɗan Hawayi a faɗin Amurka. Jitar lantarki ta farko da ta samu karɓuwa a kasuwa, wadda George Beauchamp ya ƙera kuma aka fara sayarwa a 1932, ta cinya ce. A 1953 Bud Isaacs ya taka feda yayin da sauti yake cikin tafiya a waƙar "Slowly" ta Webb Pierce, abin da ya sauya fasalin kiɗan country a Nashville.

Zamiya kuma daga hannun baƙaƙen fatar jihohin kudu na ƙasar Amurka ta bunƙasa. W. C. Handy ya ba da labarin wani makaɗi da ya ji a tashar jirgin ƙasa ta Tutwiler, a Mississippi, wajen 1903, yana jan wuƙa a kan tsirkiyoyi. A 1923 Sylvester Weaver ya naɗi "Guitar Rag", wadda Leon McAuliffe ya mayar "Steel Guitar Rag" a ƙungiyar Bob Wills a 1936. Ke nan aro da maimaici suna cikin jinin kayan kiɗan tun da wuri.

Doka ma ta taka rawa. Tun 1909 dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta ba kowa damar naɗar waƙar da aka riga aka fitar muddin zai biya kuɗin da aka ƙayyade, ba sai ya nemi yardar mai ita ba. Dokar 1976 ta ƙara sharaɗin cewa kada sabon tsarin ya sauya ainihin karin waƙar. Wannan ya buɗe kasuwa, ya kuma ɗaure makaɗi ga kari.

3.0 Abin da Ƙarfe Yake Iyawa

Jitar da aka saba tana da gaɓoɓin ƙarfe a wuyanta, kowace gaɓa da sautinta, babu komai a tsakani. Piyano ma babu komai tsakanin sautukansa. Muryar ɗan Adam kuwa ba ta san wannan iyaka ba. Mawaƙi yakan taso daga ƙasan sauti ya hau shi a hankali, ya tsaya a kai yana karkarwa, sannan ya sulale ya sauka. A nan ne yawancin shauƙin waƙa yake zaune. Guntun ƙarfe da wuyan kwalba ba sa taɓa gaɓoɓin, don haka duk sautin da ke tsakanin matakai biyu yana hannun makaɗi. Mai jitar ƙarfe yana da ƙarin dabara: fedar ƙarar sauti. Yakan rage ƙara kafin ya taɓa tsirkiya, ya ɗaga bayan ya taɓa, sai sautin ya fito babu ƙarar fizga, kamar numfashi ne ya kawo shi.

Ga mai sauraro Bahaushe wannan ba baƙon abu ba ne, domin goge da kukuma ba su da gaɓoɓi, kuma an saba jin take a gane wanda ake nufi ba tare da an furta kalma ba. Amma akwai bambanci da ya kamata a kiyaye. Hausa harshe ne mai karin sauti, saboda haka mai goge yana iya bin hawa da saukar maganar kanta. Ingilishi ba shi da wannan, don haka jitar ƙarfe ba magana take kwaikwayo ba, rerawar wani takamaiman mawaƙi take bi. Kalmomin kuwa mai sauraro ne yake kawo su daga ƙwaƙwalwarsa. Wannan ne ya sa makaɗan suka fi zaɓen waƙoƙin da kowa ya haddace.

4.0 Nazarin Faya-fayai

'Yan'uwa biyu daga Brooklyn, Santo da Johnny Farina, su ne suka shimfiɗa tafarkin. "Sleep Walk", wadda ta kai matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard a watan Satumba na 1959, tasu ce, ba maimaici ba, amma ita ta tabbatar wa kamfanonin faifai cewa jitar cinya za ta iya ɗaukar waƙar pop daga farko zuwa ƙarshe. A 1964 suka juya ga waƙoƙin Beatles, kuma "And I Love Her" tasu ta yi farin jini ƙwarai a Meziko. Salonsu na biyayya ne: Santo yana bin karin Paul McCartney kusan gaɓa da gaɓa, Johnny yana riƙe masa tafiya da jitar da aka saba. Waƙar ta dace da wannan hanya domin jimlolinta gajeru ne, suna ƙarewa da dogon sauti, inda ƙarfen yake samun sararin karkarwa. Rashin kalmomin ya zama riba a kasuwa, tunda mai sauraro a Meziko ko Italiya ba ya buƙatar Ingilishi.

Pete Drake ya kai biyayyar maƙura a "Forever" ta 1964, maimaicin waƙar da Little Dippers suka fitar a 1960. Ya haɗa jitar feda da wani bututu da ke kai sautin cikin bakinsa, yana siffanta kalmomi da leɓɓansa. Faifan ya sayu, dabarar kuma ta isa ga Peter Frampton daga baya. Ta fuskar fasaha dai, a ganin wannan bincike, hanya ce da ba ta ɓullewa. Da zarar ƙarfe ya furta kalma, an ƙwace wa mai sauraro aikinsa na cike gurbi, abin ya koma al'ajabin na'ura.

Misalin da ya fi cancantar tsayawa a kai shi ne na Ry Cooder. A faifansa Bop Till You Drop na 1979 ya ɗauki "It's Gonna Work Out Fine", wadda Ike da Tina Turner suka yi fice da ita a 1961. Ta asali zance ce tsakanin mace da namiji: Tina tana rerawa da ƙarfin murya mai kaushi, namijin yana amsa mata da magana, 'yan amshi suna biye. Duk wanda ya ce zai kwaikwayi Tina Turner da wuyan kwalba ya ɗauko dala ba gammo. Cooder bai gwada ba. Ya sassauta tafiyar, ya zubar da raha da ja-in-jar, ya bar karin kaɗai yana tafiya cikin natsuwa. Abin da ya bayyana shi ne wani taushi da ke cikin karin tun asali, wanda ƙarfin muryar Tina ya lulluɓe. Alƙawarin da sunan waƙar yake ɗauke da shi, cewa komai zai daidaita, a bakin Tina tabbaci ne. A hannun Cooder ya zama fata, irin wanda mutum yake faɗa wa kansa. Bai saɓa wa kari ba, amma ya sauya ma'ana, kuma wannan shi ne matakin da maimaici yake zama sharhi a kan waƙar asali.

Bill Frisell ya bi wata hanya a All We Are Saying na 2011, kundin waƙoƙin John Lennon, da Guitar in the Space Age! na 2014, inda ya kaɗa "Surfer Girl" ta Beach Boys da "Tired of Waiting for You" ta Kinks. A duka biyun Greg Leisz ne a kan jitar ƙarfe. A nan ba a ɗora wa kayan kiɗa ɗaya aikin mawaƙi ba. Karin yana yawo tsakanin makaɗan, Leisz kuma sau da yawa yana kewaye shi ne maimakon ya ɗauke shi. Wannan tsari ya warware wata matsala ta musamman ga waƙoƙin Lennon. Baitocin "Julia" da na "Come Together" suna tsayawa a kan sautuka ƙalilan, ƙarfinsu yana cikin kalmomi da abin da ke motsi a ƙarƙashinsu. Jitar cinya irin ta Santo ba ta da abin kamawa a irin wannan kari. Jitar feda kuwa tana iya riƙe sauti ɗaya a sama yayin da feda take sauya na ƙasa, sai motsin ya fito daga cikin haɗin sautukan.

Daga waɗannan misalai ana iya fitar da ƙa'ida. Waƙar da take da faɗin kari da dogayen sautuka takan rayu a hannun kowane gwanin ƙarfe. Wadda ta dogara ga kalmomi ko bugun ganga tana buƙatar a sake gina ta, in ba haka ba sai ta fito fanko. Yawancin faya-fayan da suka jawo wa wannan fanni raini sun faɗi ne a nan, domin an zaɓi waƙoƙin bisa farin jininsu a kasuwa, ba bisa dacewarsu da kayan kiɗan ba.

5.0 Bayan Amurka

A Indiya salon ya samu gida na biyu. Makaɗa irin su Van Shipley da Sunil Ganguly sun shafe shekaru suna fitar da waƙoƙin fina-finan Indiya da jitar Hawayi zalla, kuma kamfanin Sublime Frequencies ya tattara wasu daga cikin irin waɗannan a kundin Bollywood Steel Guitar a 2008. Dacewar a bayyane take, domin rerawar Indiya cike take da zamewa tsakanin sautuka. Masu sauraro a ƙasar Hausa, waɗanda suka tashi da waɗannan waƙoƙi ba tare da jin harshen ba, sun fi kowa cancantar auna ko ƙarfen ya riƙe amanar karin.

A Najeriya jitar feda ta shigo ta kiɗan juju. Demola Adepoju ya kaɗa ta a ƙungiyar King Sunny Adé, ana jin sa a faifan Juju Music na 1982, sannan ya yi aiki a Graceland na Paul Simon a 1986. Aikinsa ba maimaicin waƙoƙin pop ba ne, amma ya nuna kayan kiɗan yana zama daram a tsakiyar gangunan da ke bin karin harshe.

Akwai gurbin da ke jiran masu bincike a sassan Hausa da na kiɗa a jami'o'inmu. Ya kamata a naɗi masu goge da kukuma suna kaɗa sanannun waƙoƙi ba tare da rerawa ba, a auna abin da masu sauraro suke ganewa, sannan a kwatanta da faya-fayan Cooder da Ganguly, don a tantance abin da tsirkiya take ɗauka daga harshe da abin da take ɗauka daga mawaƙi.