Fitilun Diwali a Gonakin Rake: Yadda 'Yan Hindu Suka Riƙe Bukukuwansu a Ƙasar Baƙunta

Jama'a, Bahaushe na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To amma tarihin wasu mabiya addinin Hindu da aka kwasa daga Indiya ya nuna cewa wani lokaci mutum kan bar gida ya kuma tafi da gidan a ƙirjinsa. Mu da muke zaune a Sabo da zango nesa da Arewa ya kamata mu ji wannan labari.

Yawancinmu a finafinan Indiya muka fara ganin ana watsa wa juna garin launi, ko ana jera fitilu a ƙofar gida. Wasan launin nan shi ne Holi, ana yin sa a Fabrairu ko Maris. A imaninsu, tunawa ce da yaro Farahlada wanda ya tsira daga wuta, gwaggonsa Holika da ta so halaka shi ta ƙone. Na fitilu kuwa shi ne Diwali, a Oktoba ko Nuwamba. A arewacin Indiya suna cewa ranar ce Rama ya komo birninsa Ayodiya bayan shekara 14 a daji, mutane suka kunna fitilu don tarbarsa. Suna ɗaukar Rama a matsayin bayyanar Bishnu, ɗaya daga manyan abubuwan bautarsu.

Da Ingila ta hana bauta a ƙasashen da take mulka a 1834, sai masu gonakin rake suka rasa ma'aikata. Sai aka koma Indiya ana ɗibar talakawa da yarjejeniyar aikin shekara 5. An fara kai su Morishus a 1834, Gayana a 1838, Tirinidad a 1845, Natal ta Afirka ta Kudu a 1860, sai Fiji a 1879. Kafin a daina ɗibar a 1917, mutanen da aka kwasa sun haura miliyan 1. Akasarinsu 'yan Hindu ne, amma akwai Musulmi da yawa a ciki.

Ga ɗan Hindu na wancan zamani, ƙetare teku ba ƙaramin abu ba ne. Suna kiran teku "baƙin ruwa", wai wanda ya haye shi ya rasa matsayin da aka haife shi a ciki. Kuma haka aka yi. A cikin jirgi, ɗan gidan malamai da ɗan gidan dukanci tukunya ɗaya suka ci. Da suka sauka sai suka riƙa kiran juna 'yan uwan jirgi, zumuncin ya zama kamar na jini. Ka ga ke nan bambancin asali ya yi rauni, amma biki bai mutu ba.

Me ya riƙe shi? Labarin Rama ne. Da yawansu sun haddace shi daga littafin Tulsidas na ƙarni na 16. Bayan an tashi daga saran rake, sai a zauna da dare ana rera shi. Mutumin da aka raba da garinsu, in ya ji labarin ɗan sarki da aka kora daji ya yi haƙuri har ya komo, ai kansa yake ji. A Morishus kuwa, da yake babu kogin Ganga da suke tsarkakewa, sai suka ɗauki wani tafki a tsakiyar tsibirin, suka fara tattaki zuwa can a bikin daren Shiba tun 1898. A 1972 aka kawo ruwan Ganga daga Indiya aka zuba a ciki.

Ba a ruwan sanyi abin ya zo ba fa. A Tirinidad, Musulmi da 'yan Hindu tare suke fita jerin gwanon Muharram. Turawa suka tsorata da taron, suka hana shi shiga gari. Ran 30 ga Oktoba 1884 mutane suka fito duk da haka a San Fanando, aka buɗe musu wuta, aka kashe da dama. Amma a 1966 ƙasar ta mai da Diwali ranar hutu ga kowa. A Gayana ma Holi, da suke kira Fagwa, ranar hutu ce.

'Yan uwa, addininsu daban, namu daban, kowa da abin da ya yi imani da shi. Abin lura shi ne, jikokin mutanen nan da yawa ba sa jin harshen kakanninsu yanzu, Turanci ko wani harshe suke yi. Abin da aka yi a fili tare da yara kowace shekara, shi ya tsaya. Abin da aka bari a bakin tsofaffi kawai, ya bi su kabari. Sai mu duba namu: hawan Sallah, tashe, Mauludi, da Hausar da 'ya'yanmu ke gaurayawa da harshen gari. Wanne muke yi tare da su, wanne muka bar wa tsofaffi?

Allah ya sa mu dace, amin.