Baƙon filashi da baƙin allo

Mai gyaran kwamfutar da ya saba tayar da Linux daga filashi ya san wannan masifa: sunan manhajar ya bayyana, rubutu ya gilma, sai allo ya yi baƙi ƙirin, fanka na juyawa, fitilar filashin na ƙyaftawa, hoto kuwa babu. Akan ɗora wa filashin laifi, a goge a sake kwafa. Alhali ciwon ya girme shi, kuma asalinsa baƙunci ne. Manhajar da aka girka cikin na'ura ta san gidanta. Wadda ta shigo daga waje kuwa sai ta yi hasashen katin hoton da za ta tarar, cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Tun 1992 kamfanin Yggdrasil ya fitar da Linux mai tashi daga faifan CD, a zamanin da mutum kan rubuta wa XFree86, manhajar da ke fitar da hoto, lambobin allonsa da hannu, kuma kuskure na iya lalata tsohon allo mai ƙeya. Klaus Knopper, injiniya Bajamushe, ya sauya lissafi da Knoppix a 2000, inda faifan ke laluben na'ura ya zaɓi direba da kansa. Sai dai ya bar ƙofar baya: in allo ya ƙi, a rubuta xmodule=vesa, a koma ga ƙa'idar ƙungiyar VESA da kusan kowane kati ke ji a lokacin, ko da hoton zai fito ɓaro-ɓaro. A 2009, da Linux 2.6.29, aikin saita allo ya fara komawa can cikin zuciyar manhajar. An samu riba, domin allo ya daina walƙiya wajen tashi, farkawa daga barci ma ta gyaru. Amma da can in hoto ya gaza akan bar mutum da rubutu ya karanta abin da ya faru. Yanzu direba na kama allo tun da wuri, in ya faɗi ya tafi da rubutun. Shi ya sa har yau ake danna e a GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, a ƙara nomodeset bayan quiet splash. Ƙofar Knopper ce aka sake wa suna.

Wani zai ce ai Windows ba ta wannan, don haka sakacin masu Linux ne. Akwai ƙanshin gaskiya, tunda nomodeset sandar gurgu ce: hoto ya yi nauyi, allo na biyu sau da yawa ya ƙi aiki. Amma kwatancen bai zauna ba. Windows kan zo a girke daga kamfani, da direban da mai katin ya rubuta kuma ya gwada a kan wannan na'urar. Masu Nouveau kuwa, direban katunan Nvidia da ya shiga Linux a 2010, lalube suka yi cikin duhu, suna lura da halin katin suna kwaikwayo, saboda kamfanin ya rufe yawancin bayanansa. Wannan ne ya sa Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya caccaki Nvidia a bainar jama'a a jami'ar Aalto ta Finland a 2012. Katunan Intel da AMD, waɗanda direbobinsu ke buɗe cikin Linux, ba su cika jawo baƙin allo haka ba. Nvidia ba ta buɗe wani ɓangare na nata direban ba sai a watan Mayun 2022, shi ma na sababbin katuna kaɗai.