"Cannot open display": matsalar da amsarta ke cikin tarihin 1984

Yau daga gida Kausani nake magana, kuma wata 'yar matsala ce ta jawo tarihin da zan ba ku.

Makon jiya wani ƙanena da ke karatun kwamfuta a jami'ar nan ta Wudil ya shigo mini da laftof cikin dare, hankali a tashe. Linux ce a kanta. Washegari zai gabatar da furojet ɗinsa, amma manhajar ta ƙi buɗewa, sai saƙo ɗaya take fitarwa: "cannot open display". Ya ce, "Yaya, ga allon nan a gabana, ta yaya za ta ce ta kasa buɗe shi?"

To, amsar tana can Amurka, a jami'ar MIT. A 1984 Bob Scheifler da Jim Gettys suka soma gina tsarin da ke zana tagogi a allo, suka sa masa suna X, saboda ya gaji wani tsari na jami'ar Stanford mai suna W. A 1987 aka fitar da zubi na 11, wato X11, kuma har yau shi ne zubin X da ake amfani da shi.

A lokacin, babbar kwamfuta na iya zama a wani gini, ɗalibi kuma yana wani ginin da allonsa. Sai suka raba aikin biyu. Sabar X ita ce mai gida, ita ke riƙe da allo da kibod da linzami. Manhaja kuwa baƙuwa ce, dole ta yi sallama, ko da a kwamfuta ɗaya suke zaune. Kun ga inda gizo ke saƙar.

Shi ya sa abu uku nake dubawa.

Na farko, adireshi. Rubuta echo $DISPLAY. Galibi za ka ga :0 ko :1. In babu komai, baƙuwar ba ta san gidan ba.

Na biyu, ƙofa. In ka ce :0, ta ƙofar cikin gida za a bi, wato soket ɗin da ke /tmp/.X11-unix. In ka ce localhost:0, ka tura ta ƙofar titi, wato TCP, lamba 6000. Ita kuwa wannan ƙofar, tun 2015 Xorg ke zuwa da ita a kulle saboda tsaro.

Na uku, mabuɗi. Yana cikin fayil ɗin da ake kira Xauthority. In ka koma root, sau da yawa a baya kake barinsa. Kuma don Allah kada ka yi gaggawar rubuta xhost +, cire ƙyauren gidan ne gaba ɗaya.

Shi ƙanen nawa, wani tsohon darasi ya kwafo daga intanet, ya sa localhost:0. Muna goge localhost, sai ga taga ta buɗe. Ya yi ajiyar zuciya, ni kuma na samu abin faɗa muku.

Tun 2008 aka soma Wayland don ya gaji X, amma tsofaffin manhajoji har yanzu ta Xwayland suke bi, don haka wannan saƙon bai gama yawo ba. Ranar da ya fito maka, ka tuna: adireshi, ƙofa, mabuɗi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.