Awon Nauyin Taurarin da Ba a Gani

Tun a shekarar 1936 Albert Einstein ya nuna cewa duk abu mai nauyi da ya gifta tsakanin mai kallo da wani tauraro na nesa zai lanƙwasa hasken tauraron ya tattaro shi, har tauraron ya ƙara haske na ɗan lokaci kafin ya koma yadda yake, sai dai shi kansa bai sa rai za a taɓa ganin hakan ba, domin da wuya abubuwan uku su daidaita a kan layi guda. Shekara hamsin bayan haka Bohdan Paczyński, ɗan ƙasar Poland da ke koyarwa a Jami'ar Princeton, ya kawo shawarar da ta buɗe fagen, cewa tunda tauraro ɗaya ne cikin kusan miliyan ake sa ran samu a wannan hali, to a sa ido a kan miliyoyin taurari kowane dare. A 1993 ƙungiyoyin MACHO da EROS da OGLE suka bayyana sakamakonsu na farko.

Abin da ya daɗe yana ci wa masu wannan aiki tuwo a ƙwarya shi ne, tsawon lokacin da hasken ke ɗauka yana ƙaruwa da raguwa ya dogara ne a kan abubuwa uku a haɗe, wato nauyin abin da ya gifta, da nisansa, da saurin tafiyarsa, don haka ƙaramin abu mai tafiyar hawainiya yana iya barin alama iri ɗaya da babban abu mai gudu. Wannan ne ya sa aka tara dubban abubuwan da aka gani ba tare da an iya faɗin nauyin mafi yawansu ɗaya bayan ɗaya ba. Mafita ta zo ta ƙarin awo guda biyu: ɗan karkacewar da zagayen duniya a kewayen rana ke haifarwa a yanayin hasken, hanyar da Andrew Gould ya fayyace a 1992, da kuma ɗan gocewar da tauraron baya ke yi daga matsayinsa a sama, wadda saboda ƙanƙantarta madubin hangen nesa na Hubble ne ya fara iya kama ta.

Da awon gocewar ne Kailash Sahu da abokan aikinsa suka gano a 2017 cewa mataccen tauraron nan Stein 2051 B yana da kusan kashi biyu cikin uku na nauyin rana. Babban sakamako kuwa, wanda ya cancanci haƙurin shekaru goma da aka yi a kansa, ya fito a 2022 game da wani abu da ƙungiyoyin OGLE da MOA suka hango a 2011 ta wajen tsakiyar gungun taurarinmu. Sahu ya samu nauyinsa ya kai ninki bakwai na rana alhali ba ya fitar da haske, abin da ke nufin baƙin rami ne mai yawo shi kaɗai, yayin da Casey Lam da Jessica Lu na Berkeley suka samu adadi ƙasa da haka, har suka ce yana iya zama tauraron niyutron. Da suka sake nazarin bayanan a 2023 sai nasu adadin ya tashi zuwa kusan ninki shida, suka amince baƙin rami ne, mai nisan kusan shekarun haske 5,000 daga duniya.