Fadar Fumban: gidan sarki da ya zama gidan tarihi

Fadar sarakunan Bamun tana tsakiyar garin Fumban, hedikwatar gundumar Nun a yankin Yammacin Kamaru, kimanin kilomita 70 daga Bafusam. Yankin na manoma ne, masu noman masara da gahawa da tumatir, kuma da yawa daga kayan miyar da ake sauke wa a kasuwannin Duwala daga can suke fitowa. Fadar tana cikin wuraren tarihi da aka fi ziyarta a ƙasar, sai dai ba kufai ba ce: har gobe sarki yana zaman fada a harabarta, yana karɓar gaisuwa, yana sauraron ƙararraki.

Asalin ginin

Tarihin baka na Bamun ya ce Nshare Yen ne ya kafa masarautar a shekarar 1394. Ginin da ake gani yau kuwa aikin sarki na 17 ne, Ibrahim Njoya, wanda ya kammala shi a 1917 bayan gobara ta cinye tsohuwar fadar da aka yi da gora da ciyawa. Da jan bulo aka gina shi, hawa uku, kuma ana cewa sarkin ya ɗauko fasalin ne daga gidan gwamnan Jamus da ya gani a Buea.

Njoya ba baƙo ba ne ga Hausawa. Lokacin da tawaye ya nemi raba shi da sarauta a shekarun 1890, Lamiɗon Banyo ne ya kawo masa ɗauki, kuma daga nan Musulunci ya samu shiga fada. Fatake da malaman Hausa sun zauna a garin, babbar riga da rawani suka zama kayan manya. Shi ne kuma ya ƙirƙiro wa harshen Bamun rubutu nasa na kansa wajen 1896, ya fara da alamomi kusan 500, ya yi ta tacewa har suka dawo 80. Faransawa sun rage masa iko, suka kai shi Yawunde a 1931, can ya rasu a 1933.

Kayan da ba su yi ritaya ba

Shekaru da dama kayan tarihin masarautar suna ajiye a benen fadar: gadajen sarauta da aka yi wa ado da duwatsun wuya da wuri, takubba, ganguna, kayan yaƙi, da littattafan Njoya da na'urar niƙa masara da ya sa aka ƙera. Nan ne wahalar kula da irin wannan wuri take. Ma'aikacin gidan tarihi yana son kaya su zauna cikin gilashi, kada hannu ya taɓa, kada rana ta duka. Bafade kuwa yana ganin kayan aiki ne, ranar biki dole a fito da su. A Fumban an bi hanya ta biyu ga wasu kayan, ana ɗauko su idan hidima ta zo, a mayar idan an gama. Tabbas hakan yana tsufar da su, amma gangar da aka daina kaɗawa ta zama itace da fata kawai.

Da kayan suka yi wa benen yawa, Sarki Ibrahim Mbombo Njoya ya ƙaddamar da ginin sabon gidan tarihi kusa da fadar a 2013. Bai ga ƙarshensa ba, domin ya rasu a watan Satumban 2021. A zamanin ɗansa Nabil Mbombo Njoya, sarki na 20, aka buɗe shi a watan Afrilun 2024. An yi ginin da siffar tambarin masarautar, wato maciji mai kai biyu da gizo-gizo a samansa, sannan da ƙuge biyu. Ko ba komai, ya sauke wa tsohon benen nauyin kaya da sawun masu ziyara.

Bikin Nguon

Abin da ya fi cika Fumban da baƙi shi ne Nguon, wanda ake yi duk bayan shekara biyu. Faransawa sun hana shi a 1924, aka farfaɗo da shi a farkon shekarun 1990, sannan hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a Disambar 2023. Kan gaba a bikin shi ne shari'ar sarki: yana tsayawa a gaban jama'a ba bisa gadonsa ba, wakilan ƙungiyar Nguon su karanto masa koke-koken talakawa da suka tattaro daga ƙauyuka. Sai an gamsu sannan a ba shi izinin komawa ya zauna.

A kwanakin masauki yana wuya, maƙeran tagulla da masu sassaƙa na unguwar masu sana'a suna ciniki, direbobin Duwala da Yawunde ba sa hutawa. Matsalar ita ce mako guda cikin shekara biyu ba ya riƙe gini. Rufi yana bukatar gyara kowace damina, a ƙasar da ruwa ke zuba wata bakwai zuwa takwas, ga albashin masu gadi da masu zagayawa da baƙi. Kuɗin shiga kaɗai da wuya ya ɗauki wannan, balle rikicin da ya ɓarke tun 2016 a yankin Arewa maso Yamma, wanda ke iyaka da Nun, ya sa baƙin waje ɗari-ɗari. Don haka 'yan makaranta da 'yan ƙasar Bamun mazauna birane, irin waɗanda Hausawan New Bell da Ndogpassi ke sallah da su sahu ɗaya, su ne baƙin da za a iya dogara da su.

Gobara ma abin tsoro ce. A 2005 wuta ta cinye babban zauren fadar Banjun da ke yankin. A ƙarshen 2020 kuma ƙofar shiga garin Fumban ta ƙone, aka yi ta ja-in-ja tsakanin fada da ofishin magajin gari kan wanda ke da hurumin sake gina ta.

Abin da ke waje

Mafi shaharar kayan Bamun ba ya Fumban. Gadon sarauta da ake kira Mandu Yenu ya tafi Jamus a 1908, a matsayin kyautar Njoya ga Sarki Wilhelm na Biyu, kuma yana gidan tarihi na Humboldt Forum a Barlin. Masana suna ta muhawara ko kyautar da aka bai wa mai mulkin mallaka kyauta ce ta son rai. A watan Yunin 2023 Sarki Nabil ya ziyarci wurin, ya hau gadon ya zauna a gaban ma'aikatan gidan.

Rubuce-rubucen Njoya sun fi sa'a. A tsakiyar shekarun 2000 aka fara ɗaukar hotunan dubban takardun da ke fadar da tallafin Laburaren Birtaniya, kuma a 2009 aka shigar da haruffan Bamun cikin tsarin Unicode, abin da ya ba da damar rubuta su a kwamfuta. Masu iya karanta tsofaffin takardun dai 'yan ƙalilan ne, shi ya sa fadar take koyar da yara rubutun.