Daga CE2 zuwa CM2: yadda aiki yake ƙaruwa ga ɗan firamare

A Nijar karatun firamare shekara 6 ne: CI, CP, CE1, CE2, CM1 da CM2. Dokar ilimi ta 1998, wadda ake kira LOSEN, ta sanya waɗannan azuzuwa a matakin farko na ilimin tushe. Iyaye da dama suna mamakin yadda yaron da yake cikin na gaba a CE2 zai koma baya a CM1. Dalili shi ne abin da ake nema daga gare shi ya canza.

A CE2 ana son yaro ya karanta Faransanci ba tare da inda-inda ba, ya rubuta gajerun jimloli, ya haddace jadawalin ninkawa. A CM1 kuwa malam ya ɗauka an gama da wannan. Tarihi, labarin ƙasa da kimiyya suna zuwa cikin dogayen darussa, yaro ne zai karanta ya gane da kansa. Dikte tana ƙara tsawo, ana kuma neman ya tsara ɗan labari mai farko da ƙarshe. A lissafi ana shiga rabawa mai tsawo, lambobi masu waƙafi, awon fili, da lissafin saye da sayarwa da riba. Wanda bai gane tambaya da Faransanci ba zai faɗi, ko da ya iya lissafin a ka.

CM2 aji ne na bita da shirin jarrabawar CFEPD da shiga kwaleji. Ana ƙara lissafin kashi cikin ɗari, ana kuma gwada saurin yaro, domin kowace jarrabawa da lokacinta. A kwaleji zai tarar da malamai da yawa maimakon guda.

Giɓin da aka bari a CE2 ba ya rufe kansa. Shi ne yake kai yara ga maimaita aji, wasu kuma, musamman ƴan mata, su bar makaranta. Ko uba ko uwa ba su jin Faransanci, suna iya duba kundin yaro, su sa shi ya karanta da ƙarfi da dare ya bayyana ma'anar da Hausa. In ya kasa, a ga malaminsa tun watan Nuwamba, kada a jira sakamakon watan Yuni.