Yadda Mata Suka Shiga Tseren Teku

Mutanen Gumel da Maigatari sun saba da sukuwar dawaki, amma a tsibiran Hawai na ƙasar Amurka da kwalekwale ake tsere. A cikin shekarar 1952 aka soma shi, daga tsibirin Molokai zuwa na Owahu, wajen mil 40 bisa teku mai manyan igiyoyi. Kwalekwale uku suka shiga, wanda ya ci sai da ya yi kusan awa tara.

Da fari maza kaɗai ake yarda su shiga. Mata suka roƙa, shugabanni suka hana, wai ba za su iya ba. A 1975 ƙungiyoyi biyu na mata suka haye lafiya lau. Gani ya kori ji. A 1979 aka buɗe tseren mata.